Keken Lantarki ga Matan Matameye: A Duba Batir Kafin Fenti

Yawancin tafiye-tafiyen mace a Matameye ta Nijar da ƙauyukan da ke kewaye da ita gajeru ne, sai dai kullum ake yin su. Daga gida zuwa fadamun kwarin Korama inda ake noman rake da albasa, daga ƙauye zuwa kasuwa, daga gari zuwa makarantar da malama take koyarwa ko gidan likitan da ungozoma take aiki a wani lungu na gundumar Kance. Kilomita biyar ne, ko goma, da wuya su haura ashirin. Irin wannan nisa ya fi ƙarfin ƙafa idan da kaya a ka da goyo a baya, amma bai kai a ce sai an mallaki moto ba. Abin da ya rage wa mace shi ne ta taka, ta jira amalanke, ko ta biya ɗan kabu-kabu zuwa da dawowa. Keken lantarki don irin wannan tazara aka ƙera shi, kuma zai iya zama kayan sana'a ga matan yankin. Amma amfaninsa ko asararsa duk suna rataye ne a kan abu biyu da mai sayarwa ba ya cika ambatawa, wato lafiyar batir da samun mai gyara a kusa.

Keken kansa ba wani abin mamaki ba ne. Keke ne da feda da sarƙa da birki, an ƙara masa ƙaramin inji, galibi a cibiyar tayar baya, da batir, da wani ɗan akwati mai daidaita wutar da ke shiga injin. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta ƙayyade ƙarfin injin a wat 250, kuma yakan daina taimakawa idan gudu ya kai kilomita 25 a awa. Batirin da aka fi gani mai volt 36 ne da amfiya 10, wanda ke ɗaukar wutar da ba ta kai rabin kilowat-awa ba, ya cika cikin awa huɗu zuwa shida, ya kuma kai mutum kilomita 30 zuwa 50 gwargwadon nauyi da yanayin hanya. Wannan ya ishi zirga-zirgar yini, amma ba zai kai mace Damagaram ba, domin tafiyar ta haura kilomita 80. A ƙasar Sin, inda ake ƙera mafi yawansu, kekunan lantarki sun haura miliyan 300, kuma 'yan kasuwa da ma'aikata da iyaye masu kai yara makaranta ne ke hawansu.

Hujja ta farko a kan amfanin keken ita ce ta kuɗin mai. Shekaru da dama mutanen bakin iyaka sun saba da man ruwa-ruwa mai araha da ke shigowa daga Nijeriya, ana sayar da shi a kwalabe a bakin hanyar Dan Barto zuwa Daura. Da Shugaba Tinubu na Nijeriya ya cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, wannan araha ta kau. Gwamnatin Nijar ta sauko da litar fetur zuwa sefa 499 a watan Yuli 2024, amma a watan Maris 2025 an sha dogayen layuka a gidajen mai, duk da cewa matatar SORAZ a cikin jihar Damagaram take tun 2011. Ƙaramar moto tana shan kimanin lita biyu a kilomita 100, wato kusan jaka guda. Keken lantarki a wannan nisa yana cin wajen kilowat-awa ɗaya, wanda a mitar gida bai kai sefa 200 ba. Sai dai lissafin bai ƙare a nan ba. Batirin litiyam mai kyau yana jure caji kamar sau 500 zuwa 1,000 kafin ya raunana, don haka bayan 'yan shekaru dole a sake shi, kuma shi ne sashe mafi tsada a jikin keken. Wadda ba ta ware wani abu duk mako don sabon batir ba, wata rana za ta wayi gari da keke mai nauyin kilo 25 da sai dai ta tuƙa da ƙarfinta.

Mai musu zai ce, ina wutar da za a yi cajin? Tambaya ce mai tushe. Wutar kamfanin lantarki na NIGELEC da ke zuwa jihohin Maraɗi da Damagaram ta layin Katsina zuwa Gazawa take shigowa, kuma kowa ya tuna yadda Nijeriya ta katse ta a watan Agusta 2023 bayan juyin mulki a Nijar, ba ta dawo ba sai Maris 2024. Ƙauyuka da yawa ma ba a taɓa ja musu waya ba. Amma abin da keken yake buƙata kaɗan ne ƙwarai. Farantin sola guda mai wat 200, tare da na'urar da ke daidaita wutarsa, zai cika irin wannan batir cikin yini ɗaya na ranar Matameye. Masu shagon cajin waya da ke aiki da sola a kasuwannin ƙauye sun riga sun san wannan sana'a, ƙarin faranti kawai suke buƙata. Kuma idan batir ya mutu a hanya, feda tana nan, abin da moton da mai ya ƙare mata ba ta da shi.

Babban abokin gaban batir a nan shi ne zafi. A watannin Afrilu da Mayu rana tana haura digiri 40, kuma litiyam yana saurin tsufa a irin wannan yanayi, ba a kuma so a caja shi idan zafinsa ya wuce digiri 45. Saboda haka a zaɓi keken da batirinsa ke cirewa da makulli, a ajiye shi a inuwa, a bari ya huce bayan tafiya kafin a jona shi, kada kuma a bar shi ya ƙare ƙaf ya kwana a haka. A yi amfani da cajar da ta zo da shi kawai, a kan siminti ko ƙasa, nesa da katifa da danni da rumbu, kuma ba a ɗakin da yara suke barci ba. Gobarar da ta tashi daga wurin ajiye kekunan lantarki ta kashe mutum 15 a birnin Nanjing na ƙasar Sin a Fabrairu 2024. Haɗarin ya fi yawa ga batir marar suna, wanda aka harhaɗa da tsofaffin ƙwayoyi, ko wanda ya kumbura. Akwai kuma batirin dalma irin na mota, mai sauƙin kuɗi da sauƙin samu, amma ya ninka litiyam nauyi kuma bai kai shi daɗewa ba. Araha dai ba ta ado: a nemi shekarar ƙira da takardar garanti kafin a tsaya zaɓen launi.

Musu na biyu shi ne rairayi, kuma shi ma gaskiya ne. A kan kwalta keken ba shi da matsala, amma hanyoyin ƙauye yashi ne, siririyar taya tana nutsewa, inji ya yi zafi, batir ya zuƙe da wuri. Maganinsa faffaɗar taya, a ɗan rage mata iska, a kuma taimaka da feda maimakon a sakar wa inji dukan aikin. Ƙaya da tsidau suna huda tib, don haka famfo da kayan faci su zauna a jikin keken. Ga mace, ƙirar da ta dace ita ce wadda babu sanda tsakanin sirdi da kan keke, yadda za ta hau da zane ba tare da ɗaga ƙafa ba, tafin ƙafarta kuma ya taɓa ƙasa idan ta tsaya. Murfin sarƙa da raga a gefen tayar baya ba kwalliya ba ne, domin an sha ganin yadda tayar moto ke naɗe hijabi ta fizgo mace ƙasa. A tattare hijabi, a sa wando a ƙarƙashin zane, a sa hular kwano, a raba kaya gefe biyu na kariya. Ƙurar hunturu tsumma ake sa mata, ba a watsa wa inji ruwa, da damina kuma ba a ratsa kududdufi da shi.

Wasu za su ce ba a san matar aure da hawan keke ba a ƙasar Hausa. Amma 'yan mata suna zuwa makaranta a keke, mata ma'aikata suna tuƙa moto a Damagaram da Yamai, a Wagadugu kuwa mace bisa keke ko moto ba abin kallo ba ce. Wanda ya damu da sutura da kamun kai ya auna da kansa: mace ta tuƙa kekenta ita kaɗai, ko ta zauna a bayan ɗan kabu-kabun da ba muharraminta ba? Akwai kuma shaida daga wani wuri. A 2006 jihar Bihar ta Indiya ta fara bai wa 'yan mata kuɗin sayen keke, kuma binciken masana tattalin arziki Karthik Muralidharan da Nishith Prakash ya nuna shigar 'yan mata sakandare a kan lokaci ta ƙaru da kashi 32 cikin ɗari. Keken feda ne ya yi wannan, wanda ke nuna cewa nisa ne ke tsare 'ya'ya mata da yawa a gida.

Saura musu mafi ƙarfi, wato tsadar saye da rashin kayan gyara. Mai faci a Matameye zai gyara taya da birki da sarƙa, amma inji da akwatin wuta sai wanda ya koya, kuma kayansu daga manyan kasuwanni irin na Kano ake kawo su. Shi ya sa mace ɗaya ta sayo keke ita kaɗai kasada ce. A Zimbabuwe, kamfanin Mobility for Africa ya fara tun 2019 a yankin Wedza yana ba ƙungiyoyin mata hayar keke mai taya uku da ake kira Hamba, suna musayar batir a tashar sola. Nijar tana da ginshiƙin yin irin wannan, domin tsarin asusun Mata Masu Dubara a Maraɗi aka fara shi a 1991. Ƙungiyar da ta sayi kekuna iri ɗaya daga dila ɗaya, ta ƙulla da mai sola ɗaya, ta tura wani mai gyaran moto ya koyi aikin, ta kuma buɗe asusun sabon batir tun ranar farko, ita ce za ta ci riba. Inda waɗannan ba su haɗu ba tukuna, keken feda mai ƙwari ya fi wa mace alheri.