Fentin Ɗaki: Ruwan Ƙasa Ko Shuɗi?

Da zarar amfanin gona ya shiga rumbu, sai magidanta a Maikujera da ƙauyukan Rabah, Wurno da Goronyo su koma gyaran ɗaki, musamman inda za a kawo amarya. A nan ne gardama kan tashi: a shafa ruwan ƙasa ne ko shuɗi?

Ruwan ƙasa ba baƙo ba ne a wurinmu. Launin makuba ne, wadda iyayenmu ke samu daga ɓawon ɗorawa suna gyara bango da daɓe. Amfaninsa shi ne ɓoye dauɗa. Ƙurar hunturu, hayaƙin fitila da hannun yara ba sa nunawa a jikinsa.

To, amma ba dauɗa kaɗai yake ɓoyewa ba. Kunama da kuɗin cizo launinsu ya yi kusa da nasa. Uwa za ta haska bango da dare ba ta ga komai ba, ta kwantar da yaro. Sauro kuma ya fi son sauka a wuri mai duhu. Ga shi launi mai duhu yana shanye haske. Yawancin ɗakunanmu taga ɗaya ce ƙarama, sai ɗaki ya zama kamar magariba da rana tsaka. Mai koyon karatu da fitila, idonsa ne zai sha wahala.

Shuɗi mai haske, wato ruwan bula, yana mayar da haske cikin ɗaki, kuma duk ƙwaron da ya hau bango za a gan shi. Ga araha: farar ƙasa ce da 'yar bula kaɗan. Aibinsa saurin dauɗa, sai an riƙa sabuntawa. A kula, shuɗi mai duhu irin na marina bai fi ruwan ƙasa haske ba.

Shawararmu ita ce a haɗa su. Daga tsayin ƙugu zuwa sama a shafa ruwan bula, daga nan zuwa ƙasa, inda yara ke taɓawa, a shafa ruwan ƙasa mara duhu. Bangon da gado ko tabarmar yara ke jingine da shi a bar shi da haske har ƙasa.

Kada a shafa fenti mai mai a bangon laka, ɓarewa yake yi. Wani ma akwai dalma cikinsa, guba ce ga yaron da ya ci ɓawon. In an shafa shi a bangon siminti, a buɗe ƙofa da taga, kada kowa ya kwana ciki sai warin ya fita.