Ruwan Kwatar da Aka Tace da Wanda Muke Ci a Latas

Duk lokacin da aka ce wata ƙasa tana tace ruwan kwata ta mayar da shi famfo, sai ka ji mutane suna tofar da yawu, wai ruwan masai ake ba su. Na gaji da wannan magana, musamman daga bakin wanda zai sayi latas ɗin da aka yi wa ban-ruwa daga rafin Jakara a Kano, ya ɗauraye shi sama-sama ya cinye.

Birnin Windhoek na Namibiya yana wannan aiki tun 1968, domin fari ya matsa musu. Sabuwar matatarsu ta Goreangab, wadda ta fara aiki a 2002, tana iya fitar da lita miliyan 21 a rana. Kuma ba diban ruwan kwata ake yi a tace da tsumma ba. Bayan tacewar farko, ana hura masa ozon, wata iska mai ƙarfi da ake samarwa da lantarki a wurin, don ba ta ajiyuwa. Ita ce ke kashe ƙwayoyin cuta, ta kawar da wari da launi, ta farfasa ragowar magunguna da dattin da ya narke. Daga nan ruwan ya ratsa yashi da gawayi na musamman, inda wasu ƙananan halittu ke cinye abin da aka farfasa, sannan ya bi ta matata mai ƙofofin da ido ba ya gani, a ƙarshe a sa masa kulorin. Amfanin fara sa ozon shi ne matatar ba ta saurin toshewa.

Masu cewa najasa ce fa? Majalisar manyan malaman Saudiyya ta yi fatawa tun 1978 cewa idan an tace irin wannan ruwa har launinsa da warinsa da ɗanɗanonsa suka koma na asali, kuma ba ya cutarwa, to ya tsarkaka.

Sai dai ozon ba sha-yanzu-magani-yanzu ba ce. Ba ta cire gishiri, ba ta cire gubar ƙarfe irin kuromiyam da masana'antun jima ke zubarwa a Challawa da Sharaɗa a Kano, tana ma iya mayar da shi nau'i mafi haɗari. Ga cin wuta.

Kafin mu kai ga samun irin wannan matata, manomi ya tara ruwan rafin a rami ya kwanta kafin ya ɗiba, ya zuba a gindin shuka, ba a kan ganye ba, ya kuma dakatar da ban-ruwa kwana biyu ko uku kafin cira. Uwargida ki ware latas ganye-ganye, ki wanke a ruwa mai tsabta, ki sake wankewa, don gishiri kaɗai ba ya kashe ƙwan tsutsar ciki. Karas da kokwamba a fere su. Abin da zai dafu, a dafa shi, musamman in yara ne za su ci. Mai tallan salak kuma ya daina ɗauraye kayan yini guda a bokiti ɗaya.