Ɓaure a cikin kwalba: tanadin da ya kamata Dakoro ta koya

Gundumar Dakoro, a arewacin jahar Maraɗi, ƙasa ce ta ƙarancin ruwa, inda noma da kiwo suke iyaka da juna. Mutanenta sun san darajar ƴaƴan itace. A farin 1973 da na 1984, da kuma ƙarancin cimaka na 2005, anza da aduwa da magarya sun riƙe gidaje da yawa. Sai dai waɗannan suna jure ajiya, ɓaure kuwa ba ya jurewa. Itacen yana son ƙasa mai damshi, kamar fadama da bakin gulbi, kuma yana zuba ƴaƴa da yawa gaba ɗaya. Cikin kwana biyu ko uku sun ruɓe, sai awaki su amfana.

Shanya ita ce dabarar farko, kuma da ita Turkiyya ta yi fice a cinikin busasshen ɓaure. Dabara ta biyu ita ce dafawa da sukari a rufe cikin kwalba, abin da Faransawa ke kira kwanfitir. Wani Bafaranshe, Nikola Apper, shi ne ya bayyana hanyar dafa abinci cikin rufaffiyar kwalba, a littafinsa na 1810.

Ga yadda ake yi. A zaɓi nunannen ɓaure marar tabo, a wanke, a tsaga kowane ɗaya a kankare cikinsa, domin na daji ba ya rasa ƙananan ƙwari. Kowane kilo guda a zuba masa sukari giram 750 da ruwan lemun tsami babban cokali uku. A dafa bisa wuta kaɗan, ana motsawa, har ya yi kauri kamar zuma. Kwalabe da murafansu a tafasa su minti goma. A zuba dahuwar da zafinta, a bar ɗan fili a baki, a rufe gam, sa'an nan a sake tafasa kwalaben cikin ruwan da ya shafe kansu, minti goma sha biyar.

Lemun tsamin nan ba don daɗin baki kaɗai ake sa shi ba. Ɓaure ba shi da isasshen tsami, kuma a kwalbar da iska ba ta shiga, wata ƙwayar cuta tana iya haifar da dafi mai shanye jiki har ya kashe. Tsami da sukari su ne ke hana ta yaɗuwa. Saboda haka duk kwalbar da murfinta ya kumbura, ko ta yi kumfa ko wari, a zubar, kada ko a ɗanɗana.

Sukari yana da tsada, gaskiya ne. Amma in mata biyar ko goma suka haɗa kuɗi da tukunya, nauyin zai ragu. Kwalbar da aka rufe da kyau, aka ɓoye a inuwa, tana kai shekara. Hanyar nan tana aiki ga mangwaro da gwaiba na lambunan Maraɗi lokacin da suka yi araha. Malaman gona da na yaƙi da jahilci, ga darasi mai amfani a gabanku. Da sanyin safiya ake kama fara.