Idan Aka Ɗauke Wuta Ana Cikin Adana Bayanai

A ce dillalin masara a Mahuta ya shigar da lissafin buhuna, kwamfuta ta ce ta adana, aka ɗauke wuta, lissafin ya ɓace. Ashe bai sauka kan faifai ba tukuna.

Maganinsa rubutu mai tabbaci: kwamfuta ba ta cewa ta gama sai bayanin ya sauka. Sai dai yana da nawa. Shi ya sa tsarin adana bayanai na ZFS, wanda kamfanin Sun ya fitar a 2005, ya yarda a ware ƙaramin faifai mai sauri, SLOG, ya riƙe bayanin na 'yan daƙiƙu.

Girmansa ba abin damuwa ba ne, gigabait 16 ma kan isa. Ku nemi faifan SSD mai kafasito da ke ƙarasa rubutu bayan wuta ta tafi. Marar shi asarar kuɗi ne.