Karatun Likita da Ciwon da Ake Ɓoyewa

Ina aji huɗu a makarantar koyon aikin likita aka tabbatar mini ina da baifola. Ciwo ne da yake ɗaga mutum sama, ya yi ta kwana ido biyu yana jin babu ya shi, sannan ya jefa shi cikin baƙin cikin da ko wanka sai ya gagara. Mahaifiyata ta ce sammu ne. Mahaifina ya ce a yi addu'a, a kuma sha magani, kuma hakan aka yi.

Irina suna da yawa. Wani nazari da mujallar JAMA ta Amurka ta buga a 2016 ya gano cewa kusan kashi 27 cikin ɗari na ɗaliban likita suna da alamun ciwon damuwa, amma a cikinsu waɗanda suka nemi magani ba su kai kashi 16 cikin ɗari ba. Tsoron surutu ne, kada a ce wanda zai duba mutane shi ma ana duba shi.

Inda gizo ke saƙar shi ne barci. Ga mai baifola, rashin barci kaɗai yana iya tayar da ciwon, shi kuwa aikinmu da dare aka gina shi. Shekarar horon aiki a asibiti na yi ta da kwalbar litiyam a aljihun farar rigata, ina zuwa gwajin jini a kai a kai, domin maganin idan ya yi yawa a jiki guba ne. Tiyata nake so, har yau ma idan na wuce ta ƙofar ɗakin sai raina ya biya. Likitana bai hana ni ba, jadawalin aikin dare kawai ya ce in je in duba da idon basira. Na duba, na zaɓi ɗakin gwaje-gwaje da madubin likita. Wasu masu irin ciwona suna tiyatar lafiya lau. Kowa ya san inda jikinsa ke masa ƙaiƙayi.

A Janairun 2023 aka sa hannu a kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa da Kware da Dawanau. Iyaye, idan ɗanku mai karatun likita ya daina barci ko ya daina magana, ku kai shi a duba shi kafin ku tambaye shi sakamakon jarrabawa.