Waƙoƙin Shata Sun Yi Yawa: Daga Ina Sabon Mai Saurare Zai Fara?

Wannan shi ne taƙaitaccen abin da muka tattauna a filin waƙoƙin gargajiya na wannan mako, don wanda shirin ya wuce shi yana bakin iyaka ko yana bayan shanu. Tambayar da ta fi yawan zuwa mana daga Zangon Kwatano, Vêdoko, Seme da Malanbil ita ce: mutum ya ba da memori an cika masa da waƙoƙin Mamman Shata, ya buɗe ya ga ɗaruruwa, wace zai fara da ita? Matasa da dama sun ce sun kunna biyu ko uku, ba su gane kan abin ba, suka goge suka zuba na zamani. To, wannan asara ce, kuma laifin ba na Shata ba ne. Ta ƙofar da ba ta dace ba suka shiga.

Da farko, wane ne shi? An haifi Alhaji Mamman Shata a Musawa ta ƙasar Katsina a 1923. Iyayensa Fulani ne, kuma gidansu ba gidan kiɗa ba ne, har ma mahaifinsa bai so ya zama mawaƙi ba. Kafin ya shahara ya yi tallan goro da alewa, ke nan makiyayi da ɗan kasuwa kowa yana da rabo a cikinsa. Ya zauna a Bakori, ya zauna a Funtuwa. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta a 1988. Ya rasu a Kano ranar 18 ga Yuni, 1999, aka binne shi a Daura. Ya shafe fiye da shekara hamsin yana waƙa.

Abin da ke rikita sabon mai saurare shi ne Shata ba ya rubuta waƙa. A filin wasa yake ƙirƙirar ta, makaɗan kalangu suna bugawa, 'yan amshi suna karɓa. Saboda haka waƙa ɗaya kan zo da siga biyu ko uku, wata an ɗauka a gidan rediyo, wata a gidan biki, kuma baitocin ba sa zama iri ɗaya. Mawaƙan Turawa sukan fitar da faifai mai suna da shekara. Wani Ba'amurke mai suna Frank Zappa ya fitar da faifai 62 kafin ya mutu a 1993, amma duk da yawansu masoyansa suna iya jera su ɗaya bayan ɗaya. Na Shata kuwa sun bi ta faifan garmaho, suka koma kaset, suka koma CD, yanzu suna cikin waya, kuma a kowane zango wani ya sake musu jeri, wani ya canza suna. Don haka kada ka nemi kundi. Nemi waƙa da sunanta.

Mu a nan Kwatano muna da misali a gida. Ƙungiyar Poly-Rythmo ta yi ɗaruruwan waƙoƙi, amma mutanen waje da yawa ba su san ta ba sai da wani kamfanin Jamus, Analog Africa, ya tsamo kaɗan ya haɗa a faifai ɗaya a 2008. Zaɓi mai kyau shi ke buɗe hanya. Ga namu zaɓin, guda shida, a jere yadda muke ganin ya fi sauƙi.

Ta ɗaya: "Na Tsaya ga Annabi Muhammadu". Mun sa ta a gaba saboda amshinta mai sauƙi ne, maganarta kuma ba ta buƙatar ka san tarihin kowa. Za ka iya kunna ta a gaban mahaifinka, a gaban malaminka, ba ka jin nauyi. A nan ne kunnenka zai saba da tsarin: Shata ya jefa magana, 'yan amshi su mayar, kalangu ya cike tsakani.

Ta biyu: "Umaru Ɗan Ɗanduna na Gwandu". Wannan ta tafiya ce, ta dace da mai zaune a gaban kamyo daga Kwatano zuwa Faraku. A cikinta ka lura da kalangu sosai. Makaɗi yana matse tsarkiyar da hammatarsa, sautin ya hau ya sauka kamar muryar mutum. Kalangu asalinsa kiɗan mahauta ne, duk wanda ya saba da kara da mayanka ya san shi, sai Shata ya ɗauke shi ya kai shi gaban sarakuna da gwamnoni.

Ta uku: "Habu na Habu", wadda ya yi wa Garba mutumin Bichi ta ƙasar Kano. Ita za ta nuna maka yadda yake yabon mutum wanda ba sarki ba: ya kira sunansa, ya kira garinsu, ya ambaci iyaye da abokan arziki. Ɗan kasuwa zai gane wannan nan take, domin a wurinmu ma sunan kirki shi ne jarin farko.

Ta huɗu: waƙar Sarkin Daura Muhammadu Bashar, wanda ya yi sarauta daga 1966 zuwa 2007. Tsakaninsa da Shata akwai amana mai ƙarfi, shi ya sa kabarin Shata yake Daura. Idan ta yi maka daɗi, ka bi ta da "Hassan Sarkin Dogarai". Da waɗannan biyu za ka ji yadda harshensa ke canzawa idan ya fuskanci fada, kirari ya ƙaru, kalmomi su yi nauyi.

Ta biyar: "Kumbo Apollo 11". A watan Yuli na 1969 Amurkawa suka sauka a kan wata, sai ga mawaƙin kalangu ya ɗauki labarin ya mayar da shi waƙa da Hausa. Mun sa ta ne don wanda yake zaton Shata roƙo kawai ya iya. A zamanin da karatun jarida bai yaɗu ba, mawaƙi irinsa da Rediyon Kaduna su ne suke kai wa ƙauye da ruga labarin duniya.

Ta shida: "Bakandamiya". Wasu za su ce don me ba mu sa ta farko ba, alhali ita ce uwar waƙoƙinsa? Dalili ke nan. A cikinta Shata yake wasa kansa, yana faɗin inda ya je da abin da ya gagari wasu bai gagare shi ba. Wanda bai san shi ba zai ji kamar cika baki ne kawai. Wanda ya riga ya ji biyar ɗin can zai san mutumin yana da abin da zai yi alfahari da shi. Ita ma tana da siga fiye da ɗaya, idan ka samu biyu ka ajiye duka.

Akwai kuma waɗanda muke cewa a dakata da su tukuna. "Gagarabadau" zambo ce mai zafi, kuma daɗinta sai wanda ya iya habaici. "Sarkin Bori Sule" tana cike da zancen bori, wanda ba kowane gida ke son ji ba. Waƙar "A Sha Ruwa" kuwa, ruwan da ake nufi ba na rijiya ba ne, kada ka kunna ta a gaban surukinka ko a rumfar da dattawa ke zaune. Ba mu ce a goge su ba, ɓangare ne na tarihinsa, amma kowace waƙa da wurinta.

Yanzu ga shawara a kan saye. In ka je wurin masu tura waƙa a Zango ko a Tokpa, kada ka ce "cika mini da Shata". Rubuta sunayen nan shida a takarda, ko ka riƙe wannan shafi ka miƙa masa. Ka sa ya kunna maka farkon kowace ɗaya da ƙarshenta kafin ka biya, domin sau da yawa waƙar takan yanke a tsakiya, wani lokaci ma sunan Shata ne a sama, muryar ta wani mai kwaikwayonsa ce. Ka ce ya ware su a jaka guda, don kada su ɓace cikin sauran. Malam makiyayi, kai da cajinka yake da tsada a daji, waƙa shida da ka sani sun fi maka ɗari uku da za ka ƙarar da batir kana tsallakewa.

Sannan a ba kowace waƙa haƙƙinta. Waƙar Shata doguwa ce, ba a yi ta don mai gaggawa ba. Ka ji ta sau uku: na farko don amshi, na biyu don kalangu, na uku don magana. Yaranmu da aka haifa a nan, waɗanda Hausarsu ta gauraya da Faransanci da Fon, za su ci karo da kalmomin da ba su taɓa ji ba. Ku tambayi Baba ko Kaka, za ku ga hira ta ɓarke, kuma da haka harshen yake zama a gida. Mai son zurfafawa ya nemi littafin "Shata Ikon Allah" na Ibrahim Sheme da abokan aikinsa, wanda ya fito a 2006.

Mun san wasu dattawa za su ce mun bar musu "Magaji Mai Ido Ɗaya", wasu iyayenmu mata su ce ina "Mata Ku Yi Aure". Gaskiyarku. Ku aiko mana da naku jerin shidan tare da dalili, za mu karanta a shiri na gaba. Allah ya jiƙan Shata, ya tsare matafiya a hanya, ya ba makiyaya damina mai albarka. Sai mun ji daga gare ku.