Ganin Likita ta Wayar Hannu: Bayani ga Hakimai da Malamansu

Tun shekarar 2001 da wayar hannu ta shigo Nijeriya, an sami hanyar da majiyyaci zai gana da likita ba tare da ya bar garinsu ba. Watau ya buga waya ya faɗi abin da ke damunsa, ko ya aika da hoton ƙurji ko na takardar gwaji, likita ya duba ya ba da shawara. Al'amarin ya ƙara ƙarfi a 2020, sa'ad da aka hana zirga-zirga a Kano saboda annobar korona.

Dalilin farko da ke sa mutane su zaɓi wannan hanya shi ne nisa. Mutumin Riruwai a ƙasar Doguwa, in zai ga ƙwararren likita a Asibitin Murtala ko Asibitin Malam Aminu Kano, sai ya ratsa dajin Falgore, ya wuce Tudun Wada, ya yi sa'o'i bisa hanya. Ga kuɗin mota nasa da na ɗan rakiya, ga abinci, wani lokaci har da masauki. Na biyu, da damina manomin Kiru ko mai lambu a ƙasar Bebeji ba ya son barin gona yini guda. Na uku, tsofaffi da matan aure sun fi samun sauƙin magana daga ɗakinsu.

Hanyar ta fi dacewa da wanda likita ya riga ya duba, kamar mai hawan jini ko ciwon sukari. Malamin asibitin ƙauye ya auna shi, likita ya ji sakamakon ta waya, ya ce a ci gaba da magani ko a sāke.

Amma fa waya ba ta taɓa jiki. Mace mai doguwar naƙuda ko zubar jini, da yaro mai jijjiga, da wanda maciji ya sara, da mai sanƙarau ko amai da gudawa, tilas a kai su asibiti nan take, gama jinkiri kan jawo asarar rai.

Ana fata hakimai za su bayyana wa dagatai da masu unguwanni wannan bambanci. Su kuma gargaɗi talakawa kada su tura kuɗi ga wanda ba a tabbatar likita ne mai rajista ba. Mafi kyau a karɓi lambar waya daga hannun ma'aikatan asibiti.